Mayafin Inna da idon da ke ganin ɗumin jiki

Sana'ata ɗaura farantin satalayit ce, da haɗa sola, da ɗan gyaran rediyo in an kawo. Shekara 16 ke nan ina cikinta, daga ƙauyenmu da ke kan hanyar Ringim zuwa Gujungu har ƙauyukan cikin fadama, inda da damina sai ka ajiye babur ka shiga kwalekwale. Duk wanda ya taɓa hawa soro da faranti ya san ƙaramar mitar nan mai allura wadda muke cewa fainda. Kana juya faranti tana kuka, in ka dace da Nilesat ko Arabsat kukan ya tsananta, sai ka ɗaure noti ka sauko. Amma tana da wani hali da ya daɗe yana ba ni haushi. Da zarar yarona ya gitta ta gaban LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban faranti mai karɓar tasha, ko ni kaina na miƙa hannu zan gyara waya, sai allura ta zabura kamar an samu tasha. Na yi shekaru ina ɗauka halin kayan arha ne. Abin da nakan ce kawai shi ne, “Kai, matsa daga nan, kana ɓata mini aiki.”

Da hunturun bara na je ɗaura wa malamin fiziks na sakandaren garinmu faranti. Yana tsaye a ƙasa, ya rufe hanci da rawani saboda ƙura, ya ji na daka wa yaron tsawa. Da na sauko ya ce, “Injiniya, ka san abin da mitar nan ta ji da yaron ya gitta?” Na ce, “Malam, ai tare mata hanya ya yi.” Ya ce, “Da tare hanya ya yi, ai ƙasa allurar za ta yi, ba sama ba. Shi ta ji. Jikinsa tasha ne.”

Muka zauna a dakalin ƙofar gidansa har aka kira la'asar. Abin da ya faɗa mini, wanda daga baya na bi na yi ta karantawa a waya dare bayan dare, ga shi yadda na fahimce shi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani. Ba sai garwashi ba. Bango, tunkiya, randar ruwa, har ƙanƙarar da ake sa wa zoɓo, kowanne yana fitarwa gwargwadon ɗuminsa, domin babu abin da ke yin shiru sarai sai wanda sanyinsa ya kai digiri 273 ƙasa da sifili. Mafi yawan abin da jikin mutum ke fitarwa yana zangon da kyamarorin ganin zafin jiki da dare ke kamawa. Amma wani ɗan kaso yana gangarowa har zangon rediyo, kuma shi ne fainda ke ji.

Mu da muka tashi da sauraron Landan da Jamus mun san zango tun muna yara. Mai gabatarwa zai ce a kama su a kan mita 16, 19 ko 25. Wannan mitar tsawon igiyar rediyon ce, kamar tazarar da ke tsakanin kunya da kunya a gona. Igiyar tashoshin FM kusan mita 3 ce. Ta farantin da nake ɗaurawa ba ta kai santimita 3 ba. In ka ƙara gangarawa, daga milimita 10 zuwa milimita 1, ka shiga zangon milimita, wato gigahaz 30 zuwa 300 a ma'aunin saurin kaɗawar igiya. Masu ƙera na'urori sun fi son gigahaz 35 da 94, saboda a nan iska ba ta shanye igiyar sosai. A wajen 60 oksijin ne ke haɗiye ta, a 22 da 183 kuma tururin ruwa. Igiyar gigahaz 94 tsawonta milimita 3 da ɗan ɗoriya ne, kamar ƙwayar gero mai kyau. Ba kuma yau aka san ta ba. Tun shekarun 1890 wani masani a Kalkata ta Indiya, Jagadish Chandra Bose, yake gwaji da igiyoyi masu irin wannan gajarta.

Malam ya ce akwai kyamarorin da aka ƙera su ga duniya da wannan zangon kaɗai. Ba sa harba komai, ba sa haska kowa. Saurare kawai suke yi kamar faindata, su mayar da abin da suka ji hoto mai motsi a kan allo nan take. Kuma wannan igiyar hazo ba ya tare ta, hayaƙi ba ya tare ta, tufafi ma ba sa tare ta.

Da ya ambaci tufafi sai na ajiye kofin shayi, don Inna ce ta faɗo mini a rai.

A 2014 Kano ta ga tashin hankali. A ƙarshen Yuli, daidai ƙaramar sallah, 'yan mata sanye da hijabi suka riƙa tayar da bam a wurare daban-daban cikin 'yan kwanaki. Ranar 28 ga Nuwamba aka kai hari babban masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki, mutum fiye da 100 suka rasu. A Disamba kuma sai Kantin Kwari. Daga nan duk macen da ta tunkari wata ƙofa da dogon hijabi ta zama abin tsoro. A cikin wannan hali na kai Inna birni ganin likitan ido. A bakin ƙofar asibitin aka tsayar da mu daga nesa, wani mai gadi ya ɗaga murya ya ce, “Hajiya, ɗaga hijabin! Ɗaga sama!” Matar da ke binciken mata ba ta zo ba ranar. Inna, wadda ta haura 60 a lokacin, wadda ko mu 'ya'yanta maza ba ma ganin kanta babu ɗankwali, ta tsaya a cikin rana gaban layin maza ta ɗage hijabinta har kafaɗa, ta juya, aka zagaya ta da sandar nan mai ƙara. Sandar ta yi kuka a ƙugunta. Makullin ɗaki ne ta ɗaure a bakin zani tare da kuɗin mota. Sai da ta kwance.

Ban taɓa riƙe mai gadin a zuciya ba. Yaro ne, bai wuce sa'an ƙanena ba, hannunsa na rawa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Amma Inna ba ta ce uffan ba tun daga Kano har gida, kuma ba ta koma ba. An ba ta ranar da za ta dawo a cire mata yana, ta ce idon ya ishe ta haka. Mun yi lallashi, Kawu ya yi faɗa, duk a banza. Yau idonta na hagu ba ya bambance komai sai haske da duhu.

Shi ya sa daren da na dawo daga gidan Malam ban runtsa ba. Da gari ya waye na haɗa LNB da fainda da risiba a batirin sola, na kafa shi a tsakar gida bakinsa na kallon sama ta wajen arewa, don satalayit ɗin duk a jere suke ta kudu, daga gabas zuwa yamma. Allura ta kwanta, shiru. Na shimfiɗa babbar rigata ta shadda a kai, ninki biyu, da ƙyar ta motsa. Yaro ya sa tafin hannu a saman rigar, sai kuka. Ya janye, shiru. Na tsoma rigar a ruwan randa na mayar, sai ga kuka babu hannu. Ruwa yana tare igiyar, kuma shi ma yana fitar da tasa. Dalilin ke nan da ya sa irin wannan kyamara ba ta leƙa cikin mutum. A fata take tsayawa, tunda jiki yawancinsa ruwa ne.

Shirun nan na sama shi ne ginshiƙin al'amarin duka. A wannan zangon sama baƙa ce, mai tsananin sanyi, ko da rana tsaka. In iska ta bushe, na'urar tana ganin saman kai kamar abu mai sanyin digiri 200 ƙasa da sifili. Can bayan iska kuma babu abin da ya rage sai wani ɗan ɗumi na digiri 2.7 sama da iyakar sanyi, wanda ya cika sararin samaniya ta kowace fuska. Waɗanda suka ba da sanarwar gano shi a 1965, Arno Penzias da Robert Wilson a Amurka, da farko sun zaci datti ne a na'urarsu, har suka kori tantabarun da suka yi sheƙa a ciki suka goge kashinsu, amma ƙarar ba ta tafi ba. A 1978 aka ba su kyautar Nobel. Da na karanta labarinsu na ji suna kusa da ni, don na san yadda mai aiki ke jin ƙara ya yi ta zargin kayansa alhali gaskiya suke faɗa masa.

Bayan mako guda na ce sai na ɗauki hoto da kaina. Na ɗauki faranti mai santimita 90 muka fita fili, taku kamar 40 kudu da gidan Kawu, muka fuskanci arewa. Irin farantin nan namu yana kallon sama fiye da yadda fuskarsa ke nunawa, don haka sai da muka sunkuyar da shi kamar zai ci ƙasa kafin ya kalli bango. Na zana gida-gida a takarda, 12 a kwance, 8 a tsaye, ɗigo 96. Yaro yana juyawa kaɗan-kaɗan, ina rubuta inda allura ta tsaya. Nan na gamu da matsalar farko: da rana ta ɗumama LNB sai allura ta riƙa tafiya da kanta, abin da ta nuna da hantsi ba shi take nunawa da azahar ba. Malam ya ce duk bayan ɗigo 4 in koma wuri guda da na sani, in sake daidaitawa, kamar mai awo da ke gwada mudunsa da na sarkin kasuwa. Ashe wannan dabarar ce wani masanin Amurka, Robert Dicke, ya fito da ita a 1946, sai dai tasa na'urar tana yin wannan komawa sau da yawa a daƙiƙa guda, kuma har yau a kanta ake gini.

Awa 3 muka kwashe. Da yamma na zauna da fensir ina shafa baƙi gwargwadon lamba. Sama ta fito baƙi ƙirin. Katangar ƙasa ta fito fara. Darbejiyar da ke bayan ɗakin Kawu ta fito kamar dunƙulen auduga. Amma a tsakiyarta, daidai inda rufin kwano yake, akwai duhu. Kwanon da a lokacin ba ka iya ɗora masa hannu don zafi, shi ne ya fito da sanyi. Na daɗe ina kallon takardar nan. Ƙarfe ba ya fitar da wannan igiyar sai ɗan kaɗan, madubi ne a gare ta, kuma abin da kwanon ya hasko mini sanyin sama ne. To haka wuƙa ko bindiga ko damin ƙusoshi za su fito a ƙarƙashin riga in mutum yana tsaye a fili: tabon duhu a kan jiki mai haske. Abin da ba ƙarfe ba ma, in yana da kauri, yana tare ɗumin jikin da ke bayansa ya bar alama.

Sai dai wanda ya ɗauro mugun abu ba zai tsaya maka awa 3 ba. Nan wahalar take, kuma nan ne aikin ya ci wa injiniyoyi shekaru. Ka ɗauka kana son hoto mai ɗigo 100 a kwance da 100 a tsaye, yana sauyawa sau 25 a daƙiƙa kamar talabijin. Ɗigo 250,000 ke nan a daƙiƙa guda. In kunne ɗaya gare ka, kowane ɗigo ba zai samu ko ƙiftawar ido ba, ga shi abin da ake saurare raɗa ce, kuma kunnen kansa yana da nasa shuuu irin na rediyo in babu tasha. Kamar mai neman kukan ɗan akuyarsa ne a karar Gujungu ranar Lahadi: gwargwadon daɗewar da ya yi yana kasa kunne, gwargwadon tabbacinsa. Lissafin kuma ba shi da sauƙi, domin in kana son tsabtar hoto ta ninka biyu, sai ka ninka lokacin sauraro sau 4.

Mafita biyu aka fi bi. Ta farko, a yawaita kunnuwa. A shekarun 1990 kamfanin TRW a Amurka ya jera kunnuwan lantarki 1,040 a bayan gilashi guda, a gigahaz 89, suna ba da hoto 17 a daƙiƙa, da niyyar matuƙin jirgi ya ga filin sauka a cikin hazo. Amma kowane kunne kuɗi ne, kuma sai an daidaita su duka su riƙa faɗin abu ɗaya. Ta biyu, wadda masu bincike a Malban ta Ingila suka ƙware a kai, a rage kunnuwa a sa madubi karkatacce yana juyawa da sauri yana sharo musu fili, wato abin da yarona ya yi da hannu amma da inji. An yi amfani da irin wannan a Kale ta Faransa don gano mutanen da ke ɓoye a cikin manyan motoci masu bangon tamfol da ke shirin tsallakawa Ingila. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san da yawa daga cikin waɗanda ke kwance tsakanin kaya a motocin nan 'yan nahiyarmu ne, kuma ɗumin jikinsu ne ya tona su. Daga baya hukumar jiragen ƙasa ta Los Anjalas ta sayi na kamfanin Thruvision a 2018, a 2019 kuma aka gwada su a tashar Stratford ta Landan don neman wuƙaƙe. Mutane na wucewa ne kawai, babu tsayawa, babu ɗaga hannu. Har yanzu da tsada, amma tunda motocin zamani suka fara zuwa da rada, na'urar gano abin da ke gabansu, mai gigahaz 77, kayan haɗin wannan zangon sun fara sauka.

Maganar hazo kuwa ba sai an yi wa ɗan Jigawa bayani ba. Duk shekara daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi takan rufe mu, jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, direbobi su kunna fitila da hantsi. Ƙwayar ƙurar nan ta fi igiyar milimita ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Tsakuwar da za ta tare tururuwa, tayar amalanke ba ta ma san ta taka ta ba. Ruwan sama mai ƙarfi ne kaɗai ke gagarar ta, don ɗigonsa ya kai girmanta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka. Duk inda na karanta, masu ƙera na'urar suna kuka da abu ɗaya: hotonta dishi-dishi ne. Haka ne kuwa. Kaifin hoto ya dogara da gajartar igiya da faɗin farantin da ke tara ta, kuma igiyar gigahaz 94 ta fi ta hasken ido tsawo sau kusan 6,000. Da faranti mai rabin mita, daga nisan mita 10, duk abin da bai kai santimita 8 ba narkewa yake cikin na kusa da shi. Faɗin yatsu huɗu ke nan. Babu fuska, babu siffar da za ka ce ta wance ce. Inuwa ce kawai mai haske, in da tabo ka ga tabo. Su suna ganin nakasa ce. Ni da na ga Inna a ƙofar nan, sutura nake gani.

An riga an ga inda kaifin hoto ke kaiwa. Bayan Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin Amstadam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba 2009, filayen jirage suka cika da rumfunan binciken jiki, Najeriya ma ta ce za ta saya. Waɗancan harbawa suke yi su karɓi abin da ya dawo, kuma na farkonsu suna nuna mutum kusan tsirara. Mutane suka yi ta ƙorafi har aka mayar da hoton zanen ɗan tsana, a 2013 kuma Amurka ta kwashe masu aiki da hasken eksire daga filayenta. Yanzu masu kyamarar saurare su ma suna hawa zuwa gigahaz 250 da sama don hoto ya ƙara fitowa. Roƙona a tsaya inda ya isa a ga rigar bam, kada a wuce. Hukuncin al'aura a nan na malamai ne, ba na mai ɗaura faranti ba, amma ina so ranar da za a kai musu tambayar a kai musu ita da na'urar da ba ta ganin abin da bai kamata a gani ba.

Ba zan ɓoye inda za ta gaza a wurinmu ba, don na yi ta juya shi. A cikin ɗaki babu sanyin sama. Ƙarfe zai hasko bango ne, bambancin kuma ya ragu zuwa tsakanin ɗumin fata, wajen digiri 33 ko 34, da ɗumin ɗakin. A Landan wannan bambancin yana nan. A Ringim a watan Afrilu, da zafi ke haura 40, akwai sa'ar da bango da fata za su zo daidai, hoton ya shafe. Sai dai a sa na'urar sanyaya ɗaki, ga kuma halin wutarmu. Da damina iska takan cika da laima, saman ta rage sanyi, gumi da yayyafi su jiƙa tufafi. Amma a buɗaɗɗen fili, da busasshiyar iskar hunturu, samanmu ta fi ta Turai dacewa da ita nesa ba kusa ba. Filin Idi nake tunani, da harabar masallacin Juma'a, da ƙofar asibiti in an matsar da binciken waje daga ƙarƙashin rumfa.

A kasuwar ƙauye kuwa ba na jin za ta yi amfani. Ranar kasuwa wa ya fito babu ƙarfe? Mahauci da wuƙarsa, Bafillace da addarsa, manomi da lauje a ƙugu. Ga laya da guru da kambu, ga lalitar kuɗi, ga waya a aljihun ciki, ga goyo a baya. Na'urar tana cewa ne akwai wani abu a nan, ba ta cewa ga abin da yake. Dole dai a sake duba wasu da hannu. Ribar ita ce, maimakon a ɗage hijabin mata 100, a ja 5 gefe, bayan labule, mace ta duba su.

Akwai kuma abin da ya tsorata ni. Na gwada zana. Na ɗora busasshen zana a kan LNB, allura ta ɗan ɗaga, yaro ya sa hannu a bayansa, ta ƙara ɗagawa sosai. Katangar ƙasa mai kauri tana tarewa, kwano yana tarewa, amma gidan talaka da makewayinsa da zana aka kewaye su. Abin da ya tona na cikin tamfol a Kale zai iya tona na bayan zana a ƙauyenmu. Don haka duk ranar da za a kawo ta, a kafa ta a ƙofa inda kowa ya san tana nan, kada a ɗora ta a mota ana yawo da ita a unguwa. A kuma yi wa mutane bayani tun kafin ta iso, ta bakin liman da mai unguwa da ungozoma. Mun ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. In ba a yi bayani ba za a ce tana hana haihuwa, alhali ita ba ta fitar da komai. Mai ciki za ta wuce ta gabanta kamar yadda take wuce idon mutum.

Makon jiya na kafa kayan a ƙofar ɗakin Inna bayan la'asar. Tana zaune a tabarma tana tsince wake da hannu, don idon ba ya taimaka mata. Na ce, “Inna, ara mini mayafinki.” Ta ce, “Me za ka yi da shi kuma?” Ta miƙo. Na shimfiɗa shi a kan LNB, na riƙo hannunta na kai saman mayafin. Fainda ta yi kuka. Ta janye da sauri, ta yi shiru. Ta sake kaiwa da kanta, sannu a hankali, ta janye, har sau uku. Na ɗauko faifan tukunyar ƙarfe na karkata shi yadda zai hasko sama, kukan ya ragu. Na yi mata bayanin duka, har da na Landan da mutane ke wucewa ba a taɓa su ba, har da cewa fuska ba ta fitowa.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, “To wa ke zama gaban allon? Namiji ko mace?”

Na ce, “Duk wanda aka sa, Inna.”

Ta karɓi mayafinta ta kakkaɓe ta yafa. Ta ce, “In sun kawo, ka ce su sa mace. In mace ce zan je a duba na daman, kafin shi ma ya tafi.” Ta jawo faifan wakenta, ta ce wa yaron ya kwance batirin ya kai ɗaki kafin awaki su dawo su tattake wayoyin.